Ranar da Sharu Kalilu Ya Fito a Gawa

A cikin garin Daura, can bayan Kusugu, an yi wani mai wankin hula ana ce masa Sharu Kalilu. A shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, mutanen kirki kowa na ta gyara tsakaninsa da Ubangijinsa, shi kuwa Kalilu gyaran fim ya sa a gaba. Magidanci ne da gemu, har furfura ta fara leƙowa, amma da an idar da La'asar sai ya kifa hulunan mutane a rana, ya kama hanyar shagon Lawal mai ba da hayar kaset.

Duk ranar da sabon kaset ya iso daga Kano, Lawal yakan fito da talabijin ƙofar shago, ya tada janareta, maza su cika benci kamar ba su da gonaki. Akwai kujerar roba guda ɗaya a gaba, wannan ta Kalilu ce, ba mai zama a kanta. Dalili kuwa, ya taɓa zuwa Kano ya wanke hular wani mutum wanda ƙanensa ke riƙe wa 'yan fim fitila. Tun daga ranar ya zama alƙalin fim na unguwa. In ya ce fim ya yi, kaset ba ya kwana a shago. In ya taɓe baki, sai ƙura ta rufe shi.

Wata rana aka kawo wani sabo, labarin wani attajiri dogo da ya mutu ya bar 'ya'ya suna rigimar gado. Da aka gama sai majalisa ta kaure.

"Kai, yarinyar nan ta iya kuka," in ji Lawal. "Har ni sai da na share ƙwalla."

Kalilu ya ce, "Albasa ce. Ni da na san su. Ka ga idon hagu ya riga na dama kawo ruwa? Ta nan aka fara shafa mata."

"To waƙar fa?"

"An yi ta a gonar mangwaro, amma suna maganar teku. Kai ka ga teku?"

Sai Harisu mai gyaran babur, wanda dama shi kaɗai ke iya ja da Kalilu, ya ce, "Ni dai mutuwar Dogon nan ta burge ni. Mutumin nan ya mutu kamar ya saba."

Kalilu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. "Harisu, kai da ido ka zo ko da baƙin mai? Lawal, mayar da shi baya. Tsaya nan! Ku dubi cikinsa, yana sama yana ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Ku dubi babban yatsansa na ƙafa. Gawa ce take korar ƙuda?"

"Sharu, numfashi fa dole ne."

"Ga wanda bai iya ba! Ni da za a ba ni gawa in fito, sai mai kyamara ya ajiye kyamararsa ya fara salati."

Harisu ya ce, "A kan kujera kowa gwani ne."

Nan Kalilu ya miƙe, ya ɗaga yatsa sama, ya yi abin da mai hankali ba ya yi a kan wasan banza. Ya ce, "Wallahi tallahi, duk ranar da aka ba ni gawa na fito, in na motsa ko ɗan yatsa kafin a ce in tashi, na bar magana a kan fim har in koma ga Allah. Kujerar ma ku ɗauke." Ya yi rantsuwar ne don ya tabbata ba mai zuwa Daura neman gawa.

Ba a daɗe ba sai ga wata farar bas ta tsaya a ƙofar shagon Lawal, da makara ɗaure a samanta. Wani saurayi mai faffaɗan tabarau ya sauko, ya ce sunansa Jamaluddeen, darakta ne daga Kano. Tsofaffin lungunan Daura ya zo ɗauka, amma ya samu matsala. Cikin yaransa duk ba mai yarda a sa shi a likkafani, kowa ya ce uwarsa ta hana.

Sai kowa a majalisa ya juya ya kalli kujerar roba.

"Ga mutuminka nan," in ji Harisu. "Duk ƙasar Daura, daga nan har Baure, ba wanda ya kai shi sanin mutuwa."

Kalilu ya gyara hula. "To, darakta, ni dai an fi sanina da fitowa a alhaji. Babu wani alhaji mai ɗan jawabi?"

"Alhajin ne ai, Baba. Amma ya riga ya rasu tun kafin fim ya fara."

Kalilu ya dubi Harisu, Harisu na murmushi. Ya dubi benci, idanu duk a kansa. Ya ce, "Gobe da wane lokaci?"

Bai gaya wa matarsa Murja ba. Da safe ya ce mata zai je Mashi karɓo huluna.

A wani kango aka shirya shi, wajen Azahar. Tun kafin a fara ya ishi kowa da gyara. Ya ce ɗaurin ƙafa ya yi sako-sako, a ƙara ja. Ya ce a kawo auduga a toshe masa hanci, haka ake yi. Ya ce a zuba turare da yawa, gawar attajiri ce ba ta mai tallan rake ba. Jamaluddeen ya gaji ya ce, "Baba, abu ɗaya nake so. Yarana huɗu za su ɗauke ka su bi lungun nan zuwa kwana. Ni ina kan soron can da kyamara. Kome ka ji, kada ka motsa sai ka ji na busa usur."

"Ni kake gaya wa?" in ji Kalilu ta cikin likkafani. "Ka dai riƙe kyamararka da kyau, kada hannunka ya yi rawa."

Aka lulluɓe shi, aka ɗaga. Harisu da Lawal na biye daga gefe, su ne shaidu.

To, abin da yaran Kano ba su lissafa ba, kwanar nan tana fita ne daidai bakin wani masallaci, kuma an idar da Azahar ke nan. Mutumin Daura kuwa ba ya ganin makara ta wuce ya tsaya kallo. Wani dattijo ya ce, "Inna lillahi," ya sa kafaɗa, ya karɓi yaron gaba. Wani ya karɓi na baya. Kafin a ce me, duk huɗun an karɓe su, don kowa na son ladan ɗauka. Yaran suka dubi yawan jama'a, suka dubi gemuna da carbuna, suka tuna zamanin da ake ciki. Wa zai buɗe baki ya ce wasa ake da likkafani a ƙofar masallaci? Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ba su tsaya ba sai cikin bas.

Shi kuwa Jamaluddeen yana kan soro yana ta busa usur har jijiyar wuyansa ta fito, amma makara ta riga ta sha kwana cikin salati. Ya juyo zai sauka, ba tsani. Maliki, maigidan da ke maƙwabtaka, ya ɗauke shi, yana tsaye a ƙasa da taɓarya.

"Kai ɗan wa ye? Wa ya ba ka izinin hawa sama kana leƙa mini cikin gida, iyalina na surfe?"

"Baba, wallahi hanya nake ɗauka! Gawata ce ta tafi!"

"In gawarka ce ta dawo ta same ka a nan. Ba ka sauka sai mai unguwa ya zo."

Kalilu bai san duk wannan ba. Abin da ya ji kawai, tafiya ta ƙara sauri, takun ƙafafu ya yi yawa. A ransa ya ce, lallai yaron nan ya kashe kuɗi, dubi jama'ar da ya tara. Wani gajere ya karɓi gaba, wani zanƙalele ya karɓi baya, Kalilu ya zame har ƙeyarsa ta bugi katako. Ya cije. Aka tsallaka kwata, makara ta jijjiga shi. Ya cije.

Wani daga cikin masu rakiya ya tambayi Harisu, "Malam, wa aka rasa?"

Harisu, Allah ya shirye shi, maimakon ya faɗi gaskiya gaba ɗayanta sai ya yanko rabi. Ya ce, "Sharu Kalilu ne kwance a ciki."

"Mai wankin hula? Inna lillahi! Ai ba a nan za a sallace shi ba, a kai shi masallacin unguwarsu."

Nan take makara ta juya. Wani ɗan acaba ya riga su da labari. Samari suka ɗauki diga da shebur suka yi maƙabarta. Aka sauke Kalilu a ƙofar masallacin unguwa, jikin gidansa, cikin tsakiyar rana, aka aika a kira liman Malam Zakiyyu daga gona.

Rana ta buɗe. Gumi ya jiƙa likkafani, turare ya cakuɗu da gumi, audugar hanci ta kumbura. Wani cinnaka ya samu hanya ta wajen ɗaurin ƙafa, ya hau, ya zaɓi wuri mai taushi ya gartsa. Kalilu ya ga taurari, amma ya tuna kujerar roba, bai motsa ba.

Sai ya fara jin maganganu a kansa.

"Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son jama'a."

"Amin. Sai dai surutu."

"Ni hulata tun kafin azumi take wajensa. Ko wa zai ba ni yanzu?"

"Haba Malam, bari a binne shi mana tukuna."

Kalilu ya ce a ransa, ka ji rubutu mai ma'ana. Har da sunana na gaskiya suka sa don abin ya zauna. Can kuma sai kukan mace ya tashi daga cikin wani gida, mai ƙarfi, har da faɗuwa ƙasa. Ya kasa kunne irin na masani. A'a, ya ce, wannan ta zarce. Ta fara da sama, ba ta bar wa kanta wurin hawa ba. Wannan ba ta taɓa yin rashi ba. In an gama zan gaya wa darakta ya canza ta.

Lawal ya ja Harisu gefe. "Kai, abin nan ya wuce wasa. An ce kabari ya kusa. Je ka gaya wa mutane."

"In ce musu me? Ni na ce Kalilu ne a ciki. Ka ga girman hannun Mamman maƙeri da ke tsaye can? Kai ka faɗa."

"Ni da shagona? Su ƙone mini kaset?"

Harisu ya je ya durƙusa a gefen makara kamar mai gyara lulluɓi, ya yi ƙasa da murya. "Sharu, tashi. Ba fim ba ne yanzu. Darakta na can an tsare shi a kan soro."

Kalilu ya yi dariya a cikinsa. Wato Harisu ya ga zan ci, ya zo da dabara. Ko gezau.

"Sharu, don girman Allah. Kabari ake haƙa maka na gaske."

Shiru.

"Na yafe rantsuwar. Ka riƙe kujerarka."

Sai wani dattijo ya dafa kafaɗar Harisu ya ce, "Yi haƙuri, yaro. Na san abokinka ne, amma ba ya jin ka yanzu."

Sai ga Malam Zakiyyu ya iso da ƙasar gona a ƙafarsa. Ya yi alwala, ya zo ya tsaya a gaban makara, ya ce, "Jama'a, a daidaita sahu."

Wannan murya Kalilu ya san ta, don bayanta yake salla kullum. Ya ce a ransa, anya? Malam Zakiyyu da ke wa'azi a kan masu kallon rawa, shi ne zai fito a fim? Ko dai yaron Kanon nan ya fi yadda na zata? Ya kasa kunne ko zai ji usur. Ba usur, sai ƙarar takalma ana cirewa. Zuciyarsa ta ce tashi, girman kai ya ce kwanta, ya bi girman kai.

Harisu ya ga liman na shirin ɗaga hannu. Ya san in aka yi kabbara a kan mai rai, zunubin har da wuyansa. Sai ya juya wajen Lawal, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Lawal, kafin a sallace shi, akwai wasiyyar da marigayi ya bar mini. Jiya ya kira ni ya ce in nema masa gafarar Dogon nan na fim ɗin gado. Ya ce hassada ce ta sa shi, amma a gaskiya duk Kano ba a taɓa yin gawa mai kyan tasa ba. Ya ce yatsan ma bai motsa ba, idonsa ne ya ruɗe shi."

"Ƙarya kake, wallahi!"

Makara ta girgiza. Likkafani ya tashi zaune, auduga ta yi tsalle daga hanci.

"Ya motsa! Sau biyu ma! A kawo kaset ɗin a gani!"

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Sahun gaba ya faɗa kan na biyu, na biyu ya bi ta kan na uku. Mamman maƙeri, ƙato guda, ya haye katangar da ko akuya ba ta hawa. Mai neman hularsa ya bar wadda ke kansa ma a wurin. Wani tsoho da aka san shi da ciwon gwiwa aka gan shi ya wuce ɗan acaba. Malam Zakiyyu kaɗai bai gudu ba, ya dai ja da baya yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Kalilu ya yi ta kokawa har ya fito da kansa waje. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ina darakta? Ina kyamarar? Ai ba a yi haka da ni ba, a bar mutum a rana kamar shanyar kuɓewa. Kuma a gaya masa, matar nan da ya ɗauko tana kuka ba ta iya ba sam. Ihu ne kawai, ba taushi. A nemo wata."

Labulen zauren gidansa ya ɗaga. Murja ce tsaye cikin hijabi, idanu sun kumbura, mata cike a bayanta.

"Kukan nawa ne bai yi maka ba, Malam?"

Kalilu ya fara neman mayar da kansa cikin likkafani.

"Wannan ce Mashin? To na gode. In Allah ya kawo ta gaskiyar, sai ka aika Kano a kawo maka wadda ta iya." Ta saki labule.

Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, tsoro ya koma fushi. Wasu na cewa a zane shi, wasu na cewa a kai shi gaban alƙali. Kalilu ya ce, "Ku tsaya, jama'a. Ni fa kamar na ji usur."

"Ba wanda ya busa," in ji Lawal.

"To ai zama na yi, ban tashi tsaye ba."

"Ɗan yatsa ka ce," in ji Harisu. "Kai kuwa har da wa'azi."

Malam Zakiyyu ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya ce, "Kalilu, likkafani ba rigar wasa ba ce, rigar da ke jiran kowannenmu ce. Ka ta da hankalin iyalinka, ka taso ni daga gona, ka sa bayin Allah sun haƙa rami cikin rana. Ba mai dukan ka. Amma ramin nan kai za ka je ka cike shi da hannunka. Harisu kuma ya riƙe maka ruwa, tunda shi ya san rabin gaskiya."

Haka aka yi. Kayan Kalilu na can cikin bas, bas kuwa ta bar gari tun da mai unguwa ya sauko da Jamaluddeen. Da likkafanin ya yi ɗaurin ƙirji, ya bi ta tsakiyar unguwa da shebur a kafaɗa, ya je ya cike kabarinsa. Samarin da suka haƙa suna zaune a inuwa suna nuna masa inda bai taka da kyau ba.

Bayan 'yan watanni fim ɗin ya fito, Lawal ya kawo kaset. Ranar benci bai isa ba, har tabarmi aka shimfiɗa. Harisu ne a kan kujerar roba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kalilu ya zo a makare, ya raɓe can baya kusa da janareta.

Aka zo wurin jana'iza. Ga makara, ga gawa a miƙe samɓal, ba numfashi, ba motsi.

"Kai!" in ji wani. "Wannan wane ne? Ya iya!"

Lawal ya ce, "Direban da ya kawo kaset ya gaya mini. Da suka koma Kano sun rasa mai yi, sai suka naɗe tabarma suka sa mata likkafani."

Majalisa ta ɗauki sowa. Wannan ya ce bana ba a yi ɗan wasa kamar tabarmar nan ba. Wancan ya ce ga natsuwa, ga sanin aiki, ba ta yi wa liman ihu ba. Harisu ya waiwayo.

"Sharu, kai ne masani. Ya ka ga wasan tabarma?"

Kalilu ya ga aibi, ya gan shi sarai. Wajen kai da wajen ƙafa duk kaurinsu ɗaya, ko kafaɗa babu. Maganar ta taso masa har bakin leɓe. Gemunsa ya yi rawa. Jama'a suka zuba masa ido. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar busasshen ƙanzo, ya saɓa babbar riga ya tafi.

Da ya shiga gida ya wuce turke kai tsaye, ya tsuguna gaban akuya. Murja na bakin murhu tana jin sa.

"Ke dubi Allah," yake ce wa akuyar, ƙasa-ƙasa. "Mutum ba kafaɗa? Ina aka taɓa yin attajiri ba tumbi? Da sun cusa mata ko tsumma ne a tsakiya."

Akuya ta dube shi tana tuƙa, ta juya masa baya ta sa kai a kwanon dusa.

Ko maganar fim da akuya tana karya rantsuwa, wannan sai malamai. Murja dai ta leƙo ta ce, "Malam, ƙyale baiwar Allah ta ci abincinta. Ga hulunan mutane can a ruwa tun jiya, sun fara wari."

Ya tashi ya nufi baho. Allah ya raba mu da rantsuwa a kan abin da ba zai bi mu kabari ba.